Wa'adin Abin Al'ajabi: Daga Wasan Kwamfuta Zuwa Tafkin Kalmalo

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kalmalo da Illela, da na Araba da Gidan Hamma da Gidan Katta da Damba da Tozai, sai 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Birnin Kwanni, waɗanda muryar rediyo ke isa gare su ba tare da an tambaye ta takarda a bakin shinge ba. Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Matasa ku matso kusa, don yau da kayanku za mu fara.

Zancen wasa ne zai buɗe mana shirin. Na san akwai dattijon da zai kai hannu ga akwatinsa ya ce, "Duk abin da ke damunmu, wasa za a kawo mana?" Baba, a yi mini haƙuri na 'yan mintoci. Bakin tafki za mu, in sha Allahu, sai dai ta wannan hanyar za mu bi.

Kowa a nan ya san dara. Ramuka 30 a ƙasa, jeri biyar mai shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Ka taka, ka ɗauke hannu, abokin karawarka ya taka nasa. Ba a taka biyu a jere, komai zumuɗin mutum. To, akwai wasannin kwamfuta da aka gina a kan wannan tsari na bi-da-bi, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Civilization, wanda wani Ba'amurke, Sid Meier, ya fito da shi a 1991 a kamfanin MicroProse. An yi ta sabunta shi: na biyu a 1996, na uku a 2001, na huɗu a 2005, har zuwa na bakwai da ya fito a watan Fabrairun 2025, wanda a cikinsa mutum yana iya zaɓar Sarauniya Amina ta Zazzau ta zama shugabar ƙasarsa. Yana da ƙane na kyauta mai suna Freeciv, da wasu ɗalibai uku na ƙasar Denmak suka saki a 1996, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa.

Ga yadda ake yin sa. Ana ba ka 'yan mutane ƙalilan a tsakiyar daji, shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ka zaɓi wuri ka kafa gari, ka yi noma, ka fitar da hanya, ka tara mayaƙa, masananka kuma suna ta binciko ilimi ɗaya bayan ɗaya: rubutu, ƙira, lissafi, tuƙin jirgin ruwa, har a kai ga lantarki da jirgin sama. Duk taku ɗaya, shekaru sun shuɗe. A nan ne ya rabu da dara. Tsakuwar da ka ajiye a farkon dara, ƙarfinta ɗaya har a tashi. A wannan wasa kuwa, abin da ya fi komai daraja da hantsi yana iya zama kayan kallo kafin la'asar.

Cikin abubuwan da gari ke ginawa akwai na kowa da kowa, irin su rumbu da kasuwa da barikin soja. Akwai kuma manyan gine-gine da ake kira abubuwan al'ajabi, waɗanda guda ɗaya tak ake ginawa a duniyar wasan gaba ɗaya. Dalar Masar tana ciki, da Babbar Ganuwar ƙasar Sin, da ɗakin karatu na Iskandariyya, da hasumiyar fitila ta bakin tekun wannan birni, da lambunan Babila. In wani ya riga ka kammalawa, ko da taku ɗaya ne, shi ke nan, ba ka da rabo a ciki.

Ba su da araha. A Civilization na biyu, ana auna aikin gari da wani ma'auni da ake kira garkuwa, kuma Babbar Ganuwa tana cin garkuwa 300, alhali ƙaramin gari 'yan ƙwarori yake samarwa a kowane taku. Shi ya sa gwanaye ke haɗa ayarin fatake, kowane ayari garkuwa 50, su turo su daga garuruwa daban-daban su sauke kaya a garin da ake gini. Ayari shida, ganuwa ta tashi. Da ta tashi, kowane gari a ƙasarka ya zama kamar mai ganuwa, maƙiyanka kuma dole su nemi sulhu idan kun zauna magana. Ɗakin karatun Iskandariyya kuwa, duk ilimin da ƙasashe biyu suka riga suka sani, kai ma sai ya zo maka kyauta, kana zaune. Hasumiyar fitila tana hana ƙananan jiragenka nutsewa idan sun yi nisa da gaɓa.

Amma kusan kowanne daga cikin waɗannan da na lissafa, an rubuta masa wa'adi tun ranar da aka aza tubalinsa, kuma wa'adin ba kwanan wata ba ne, wani ilimi ne. Ranar da aka gano narkar da ƙarfe har a zuba igwa, aikin Babbar Ganuwa ya ƙare. Ranar da aka san maganaɗisu, aka sami allurar da ke nuna wa matuƙi arewa, ba mai sauran buƙatar fitilar bakin teku. Ɗakin karatu yana daina aiki da zuwan lantarki. Wasu wa'adodin suna da ma'ana, wasu kuwa neman dalili ne kawai, don ni dai har yau ban ga abin da ya haɗa lambunan Babila da jirgin ƙasa ba, amma jirgin ƙasa ne aka sa ya kashe su. Dalar Masar ce ba a sa wa wa'adi ba a wannan fitowar. Aikinta shi ne ta zama rumbu a kowane gari, rumbu kuwa har gobe ba a ƙirƙiro abin da zai sa a daina buƙatarsa ba.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne gishirin zancen. Wane ne zai gano ilimin da zai kashe maka gini? A Civilization na biyu, da kuma tsohon tsarin Freeciv, amsar ita ce kowa. Wata ƙasa a can ƙarshen taswira, wadda ba ka taɓa ganin ɗan aikenta ba, ta gano narkar da ƙarfe, sai sanarwa ta faɗo maka a allo cewa ganuwarka ta daina aiki. Ba ka yi sakaci ba, tubali ko ɗaya bai zube ba. Mai wayo ma da gangan yake yi: in ya ga maƙwabcinsa ya jingina da ganuwa, sai ya tura masanansa su bi hanyar ƙarfe da gaggawa, ya kashe masa ita daga nesa, sannan ya ɗaura wa doki sirdi.

A fitowa ta uku da ta huɗu an sassauta. Sai mai ginin da kansa ya sami ilimin kafin ginin ya daina aiki. Wannan kuma ya haifar da wani abin dariya. A na uku, ilimin da ke kashe ɗakin karatun Iskandariyya shi ne tsarin makarantu, don haka sai ka ga ɗan wasa ya dakatar da bincike gaba ɗaya, yana tara kuɗi, yana jiran na banza, yana guje wa ilimin makarantu kamar mai gudun bashi. Ƙarshenta ƙasashe biyu su gano shi, ɗakin karatun ya ɗauko ya miƙa masa kyauta kamar yadda ya saba, da wannan kyautar kuma ya rufe ƙofar kansa. Dara ta ci gida.

Me ya sa masu tsara wasan suka yi haka? A ganina, da babu wa'adi, wanda ya riga kowa gina manyan abubuwa a farko shi zai yi ta cin gaba har a tashi, saura kuwa su zama 'yan rakiya. Wa'adi ne ke tilasta lissafi. Gwani ba ya tambayar ko ginin yana da kyau, don duk suna da kyau. Yana tambayar taku nawa suka rage kafin ya mutu, da abin da zai samu a cikin waɗannan takun, da abin da garkuwa 300 za ta yi masa in ya zuba ta wani wuri. Ganuwar da aka gina da wuri riba ce. Ita ɗin dai, in aka kammala ta saura taku goma igwa ta fito, asara ce mai kyan gani.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, mu rufe kwamfuta mu dawo gida.

Wannan yanki namu bakin daga ne a ƙarni na 19. Tsakanin daular Sakkwato da Gobirawan Tsibiri da Azbinawa, mutum ba ya kwana da ido biyu rufe in ba bayan ganuwa ba. Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, da ya kafa Gwadabawa, tsaron wannan gefen na arewa da zaunar da jama'a a cikinsa shi ne babban aikinsa. A wancan zamani ganuwa tana biyan kuɗinta. Mahayi da mashi ba ya tsallake ta, kibiya ba ta huda ta, bindigar gargajiya ma, wadda ta daɗe a ƙasashen nan tun zamanin Mai Idris Aloma na Barno a ƙarni na 16, ba ta yi mata komai ba. Mahara su zo su yi kwana biyu a waje, guzuri ya ƙare, su kwashi abin da suka samu a ƙauyuka su koma. Bayan kowace damina kuwa a fito aikin gayya, unguwa-unguwa, a yaɓe inda ruwa ya ci.

A watan Mayun 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta iso Birnin Kwanni, nan kusa da mu, da igwa da bindigogi masu saurin ɗuri. Garin yana da ganuwarsa. Ba ta hana komai ba. Aka ƙone gari, aka kashe jama'a masu ɗimbin yawa, Allah ya jiƙansu da rahama. Magina ba su yi ha'inci ba, mutanen gari ba su yi lalaci ba. Makeran wata nahiya ne suka cika wa'adin wannan ganuwa shekaru da dama kafin ranar, kuma babu allon da ya kawo sanarwa. Bindigar Maxim, mai aman harsashi ɗaruruwa a minti guda, a Landan aka ƙera ta a 1884. Ba a daɗe ba mutanen ƙasar Hausa suka gan ta da ido.

Kano ta fi kowa ganuwa. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Gwamna Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Ran 3 ga Fabrairun 1903 Kanar Morland na rundunar Ingila ya iso da sojan da ba su kai dubu ba, da igwa huɗu da Maxim huɗu, Sarkin Kano Alu kuma yana can wajen Sakkwato. Abin lura shi ne jikin ganuwar bai ba da kai ba, don kaurin ƙasar ya haɗiye harsashin igwa. Ƙofa aka nema, ita aka fasa, birni ya faɗi a yini guda. Makonni shida bayan haka, ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bai ma tsaya bayan ganuwar Sakkwato ba, a fili aka yi, a Giginya.

Sai dai a nan zan ɗan ja da masu wasan. Su a wurinsu ilimi ɗaya ne ke zuwa ya kashe gini a taku ɗaya. Igwa ta fasa ƙofa, gaskiya ne, amma abin da ya rushe ganuwoyin ƙasar Hausa shi ne daina hari. Da mahara suka daina zuwa, talaka ya fita ya gina bukka kusa da gonarsa, aikin gayyar bayan damina ya mutu, ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini suka ƙarasa sauran. Ga kuma Surame, babban birnin Muhammadu Kanta na Kabi, wanda aka gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse, tana nan yamma da Sakkwato. Ba wani sabon makami da ya kashe ta. Rigimar sarauta da ƙaurar fada zuwa Birnin Kebbi a farkon ƙarni na 18 suka bar ta kango. Gini yana mutuwa ta hanyoyin da suka fi na kwamfuta yawa.

Inda masu wasan suka yi daidai kuwa, shi ne da suka raba aikin gini da martabarsa. A Civilization na huɗu, abin al'ajabi in ya daina aiki ba ya ɓacewa daga taswira. Yana ci gaba da ƙara wa garinsa kwarjini, in ya shekara dubu ma kwarjinin ninkawa yake yi. Haka Surame: an sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma shigar da ita jerin wuraren da Najeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007. Ba wanda zai fake a cikinta yau, amma ɗan makarantar da aka kai can ya ga yadda kakanninsa suka jera dutse ba zai dawo yadda ya tafi ba. Kuskure biyu ake yi a nan, kuma duka muna yin su. Wani ya ga abu ya daina aiki sai ya ce a kwashe a yi shaguna. Wani kuma ya ga abu yana da martaba sai ya rantse har yanzu yana aiki.

Wani wuri kuma da ban yarda da su ba sam. A cikin na huɗun nan akwai Jami'ar Sankore ta Tambutu, aka ce kwamfuta ce ke cika wa'adinta. Wanda ya rubuta wannan bai zauna gaban malami an warware masa baƙi ba. Kwamfuta ma hidima ta zo yi wa littattafan Tambutu, don da ita ake ɗaukar hotunansu ana adanawa, musamman bayan abin da ya faru a 2013, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona wasu a cibiyar Ahmad Baba.

(Kiɗa kaɗan)

To Baba, ga mu a bakin tafki.

Abin al'ajabin Kalmalo Allah ne ya ajiye shi. Ruwan da ke sauka a duwatsun Adar, cikin jihar Tawa ta Nijar, yana bin kwarin Majiya ya gangaro ta gefen Kwanni ya tsallako iyaka ya zube a nan. Da wannan ruwa masunta suka ci abinci, makiyaya suka shayar, manoman rani suka yi lambu, har gwamnati ta zo ta kafa aikin ban-ruwa a bakinsa. Duk wanda ya zuba dukiyarsa a nan, ko kwalekwale ne ko koma ko magudanar siminti, ya zuba ne a kan zaton cewa ruwan bana zai zo kamar na bara.

Abubuwa suka haɗu. Fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. A tsakanin nan, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, Nijar ta gina babban filin noman rani na Kwanni, mai faɗin kadada fiye da 2,400, wanda ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, ya bi ta matattarar Cerasa. Ruwan da ya saba wucewa kai tsaye, yanzu sai ya cika wasu tukwane tukuna kafin ya iso tamu. Tafki ya ja baya, ya zama sai shekarar ruwa mai yawa yake cika, kuma ba ya daɗewa kamar da. Wannan ita ce dokar Civilization na biyu tsaf: wani ne ya taka nasa takun a can, sakamakon ya faɗo a nan.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauki gaba da mutanen Kwanni. Su ma yunwa suka guda, kuma da mu ne a saman kwari da abin da za mu yi ke nan. Mun ma yi. Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, manoman fadamar da ke ƙasa da ita a gulbin Sakkwato sun rasa ambaliyar da shinkafarsu ta saba sha, ba kuma wanda ya zo daga wata ƙasa ya yi musu haka. Najeriya da Nijar sun san da matsalar. Ran 18 ga Yulin 1990 suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci, kuma kwarin Majiya na cikin wurare huɗu da aka ambata da suna, tare da gulbin Maraɗi da Tagwai da Komadugu Yobe. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, mai mazauni a Yamai, ita aka ɗora wa kula da ita. Takardar tana nan, kuma haƙƙin mutanen Kalmalo ne su riƙa tambayar wakilansu ina aka kwana a kanta.

Madatsun da suka rage mana ruwa su ma ba su tsira ba. Yashi da laka da ruwa ke kwasowa daga tudun da aka sare wa itatuwa sun yi ta taruwa a cikinsu, har ruwan da suke riƙewa ya ragu, noman rani a filin Kwanni ya ja baya. Sai da aka sa gyaran filin a cikin yarjejeniyar tallafi ta dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da Amurka a 2016. Laka ba ta yin sanarwa, kowace damina kaɗan take ƙarawa.

Manomin Kalmalo bai zauna yana kuka ba. Da ruwan sama-sama ya yi ƙaranci, sai ya bi na ƙarƙashin ƙasa. Kakanninmu da jigo da ƙwarya suka yi ban-ruwa. Daga farkon shekarun 1990, shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa ya yaɗa 'yar rijiyar burtsatse da ƙaramin injin fetur, jigo ya kwanta dama, mutum ɗaya ya riƙa shayar da abin da dā sai gida guda. Shekara talatin inji yana sarauta. Ran 29 ga Mayun 2023 aka yi jawabi a Abuja aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Injin yana nan lafiyarsa lau, ja ɗaya ya tashi, amma mai albasa ya zauna ya yi lissafi ya ga kuɗin mai na neman cinye buhun. Wasu suka juya injinsu ya koma shan gas, masu hali suka sayi sola.

Yanzu sola ce abin al'ajabin da ake yayi, kuma ta cancanta, don rana ba ta da gidan mai. Amma kafin mutum ya sayar da sa biyu ya saya, ya yi tambayar da gwanin wasan nan ke yi: mene ne zai cika wa'adin wannan abu, kuma a hannun wa yake? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarku. Duk famfon da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, ko fetur yake sha ko gas ko hasken rana, ba ya iya ɗaga ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. Ba laifin kamfani ba ne, nauyin iskar da ke danna ruwan ne iyakarsa ke nan. Shi ya sa kuke ganin in rani ya yi nisa ana haƙa rami ana saukar da inji don ya kusanci ruwa. Wanda ake zurawa cikin rijiya, wato sumo, wannan iyaka ba ta shafe shi ba, don turo ruwa yake yi daga ƙasa. Kuma da yake sola ba ta cin kuɗin mai, ba abin da ke sa mutum ya kashe ta, sai ta wuni tana zuba. In mutum goma masu hali suka zura sumo a fadama ɗaya suka bar shi yana aiki daga hantsi zuwa la'asar, ruwan ƙasa zai iya sauka, kuma ranar da ya wuce mita 8, injin maƙwabcinsu mai ƙaramin ƙarfi ya zama ƙarfen banza ba tare da ya lalace ba.

Wannan wa'adin, ba kamar na ganuwar Kwanni ba, ana iya ganin tahowarsa. Igiya kawai ake buƙata da ɗan dutse a bakinta. A zaɓi rijiya ɗaya a kowace fadama, a zura igiya da sassafe kafin a tayar da inji, a ƙulla alama daidai inda ruwa ya tsaya, a auna, yaron da ke makaranta ya rubuta a littafi tare da kwanan wata. A yi haka sau ɗaya a wata, daga kaka har faɗuwar ruwa. Shekara ta farko lamba ce kawai. In aka kai ta uku, ƙungiyar manoma za ta ga ko ruwan na sauka, da saurin da yake sauka, sai a zauna da sarkin noma da mai unguwa a tsara awannin ban-ruwa da tazarar da za a bari tsakanin rijiya da rijiya. Littafin nan kuma shi za a ɗauka a kai wa jami'an gona na ƙaramar hukuma, ko a ajiye gaban duk wanda ya zo neman ƙuri'a da alkawarin farfaɗo da tafki.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya riga ya fara irin wannan awo a fadamarsa, ya aiko mana da abin da ya gani, za mu karanta a shiri na gaba.

(Kiɗan rufe shiri)